Ku Tambayi Kawu: Ɗan Sakkwato da ƙwallon ƙanƙara, da rigimar PS da kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonni sun taru mini kuma kamar an haɗa baki, kusan duk kan wasa suke. Na rage tsawon wasu, amma Sakkwatancin na bar shi yadda aka rubuto, don ni ban isa in gyara wa Basakkwace magana ba.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni dai matsalata abokaina na majalisa sun maishe ni mahaukaci don ina kallon ƙwallon gora na ƙanƙara, wanga da mutanen Kanada da Amurka ka yi da takalma masu ƙarfe awa wuƙa a ƙasa. A YouTube na fara ganinshi shekara biyu da sunka wuce, tun daga nan na kasa bari, har tsakar dare nike tashi in duba sakamako. Su ko cewa sukai mi ya haɗa ɗan Sakkwato da ƙanƙara in ba ta azumi ba, wai kuma ba wasa ba ne, dambe ne cikin firiza. Mi zan ce musu? Kuma don Allah raba mu gardama ni da wani, tsakanin Gretzky da Ovechkin wa ya fi? Ni dai Ovechkin nika so.
Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo

AMSA: Lafiya lau ɗana. Wannan "dambe cikin firiza" ta ba ni dariya ƙwarai, ka gaishe min da wanda ya faɗe ta, yana da baki. Kuma ka sani suna da 'yar gaskiya. A gasar NHL ta Amurka da Kanada ana faɗa, mutum biyu su yar da sanduna su tuɓe safar hannu su cakumi rigar juna su yi ta nushi, alƙalan wasa na tsaye suna kallo sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji sannan a shiga tsakani, hukuncin kuma minti 5 ne, kowa ya je ya zauna cikin wani ɗan keji na gilashi ya huce ya dawo. To amma mu da muke cika fili don kallon dambe da kokawa, a yi kisa mu tashi da ihu, mu ne za mu ga laifin wani?

Abin da ba su gani ba shi ne saurin wasan. Mutum shida-shida ne har da gola, ana yin zango uku na minti 20, kuma agogo tsayawa yake duk sanda wasa ya tsaya, babu zancen ɗan wasa ya kwanta yana birgima don cin lokaci. Saboda tsananin gudu ɗan wasa ba ya kai minti ɗaya cikin fili sai ya fita wani ya faɗo, wasa na tafiya ana canji, ba a jiran izinin kowa. Abin da suke bugawa kuma ba ƙwallo ba ne, wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3 kaurinsa inci 1, ka ɗauka masa ce guda da ta ƙone a tanda, sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle, kuma in ƙaƙƙarfa ya maka masa sanda yana wuce gudun kilomita 160 a awa. Shi ya sa kake ganin gola ya yi shiga kamar mai lifidi a hawan sallah, shi ya sa kuma da yawansu ba haƙoran gaba.

Maganar mi ya haɗa ka da ƙanƙara, ka tambaye su mi ya haɗa su da Manchesta ko Madirid, wa ya taɓa zuwa cikinsu? Sannan ka gaya musu ƙungiyar Florida Panthers ce ta ɗauki kofin Stanley, babban kofin gasar NHL, a 2024 da 2025, duk biyun a hannun Edmonton ta Kanada, alhali Florida wuri ne mai zafi, kuma a 2023 ƙungiyar Las Vegas ce ta ɗauka, gari cikin hamada tsagwaronta. Ƙanƙarar ba daga sama take faɗowa ba, bututun sanyi ne shimfiɗe ƙarƙashin daɓen, a watsa ruwa ya daskare, fili mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85. Ko a Nairobi akwai irin filin cikin wani otal kuma 'yan Kenya na da ƙungiyarsu. Wato wuta ce kawai, wadda ba ta ɗaukewa. Ni da na yi wannan lissafin sai na tuna layin sayen ƙanƙara na yammacin azumi, yaro ya riƙo bulo ɗaya cikin buhu yana gudu kafin ya kai gida rabi ya tsiyaye, na ce lallai da a ce za a kawo filin nan Sakkwato cikin watan Afrilu da kafin a busa usur jama'a sun fasa shi sun zuba a kula.

Kuma ga wadda za ta rufe musu baki. Ɗan Najeriya na farko da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Kanada, ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta. Akim Aliu a Okene aka haife shi. Jarome Iginla, tsohon kyaftin ɗin Calgary da ya ci ƙwallo 625, mahaifinsa Bayarabe ne. Kyle Okposo da ya ɗaga kofi da Florida a 2024 shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne.

Yanzu gardamarku. Ranar 6 ga Afrilun 2025 Ovechkin, Barashen nan na Washington, ya ci ƙwallonsa na 895 ya wuce 894 na Gretzky, tsohon gwanin nan ɗan Kanada, abin da mutane suka daɗe suna cewa ba mai taɓa shi, kuma abin mamaki a wasansa na 1,487 ya ci, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga a NHL in ban da na zagayen kifuwa ɗaya kwale, shi Gretzkyn ma yana cikin filin yana kallo. Masu goyon Ovechkin suna da hujja mai ƙarfi, sukan ce zamanin Gretzky na shekarun 1980 raga a buɗe take, gololi ba su kai na yanzu girma da kaya da horo ba. Na yarda. In zancen jefawa a raga ne kaɗai, naka ya fi. Amma a wasan nan ana ƙirga wanda ya ci da wanda ya bayar aka ci, a haɗa su a matsayin maki, to Gretzky ya bayar sau 1,963, jimillar makinsa 2,857, wanda ke bi masa Jaromir Jagr yana da 1,921. Ka duba da kyau, ko da a ce Gretzky bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba, bayarwarsa kaɗai ta fi makin na biyu. Kofi kuma huɗu ya ɗauka da Edmonton, Ovechkin ɗaya a 2018, lamba 99 ma an hana kowa sawa a duk gasar saboda shi. Don haka ka yi haƙuri ɗana, abokin gardamarka ya kayar da kai, sai dai ba kisan mummuƙe ba ne.

Abu ɗaya, wasan ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka lokacin hunturu ƙarfe 1 na darenmu ne, kafin a tashi an doshi 4. In ka ga asuba ta fara kuɓuce maka, ka bar shi da safe ka kalli taƙaitaccen.

TAMBAYA: Kawu ni da ƙanena munka haɗa kuɗɗi za mu sai abin gem, yau wata biyu mun kasa sayen komi don gardama. Shi ya ce PS5 ko ba komi, ni na ce kwamfuta ta fi don a intanet kowa cewa yakai masu kwamfuta su ne manya, hoto ya fi kyau kuma gem ya fi araha. Tsohuwarmu ta ce in ba mu daina ba ta karɓe kuɗɗin ta sai tunkiya. Wa ad da gaskiya?
Daga wani mai shagon waya, Mabera

AMSA: Tsohuwa ce da gaskiya, tunkiya na haihuwa. Amma tunda kun nace bari mu yi.

Waɗancan da kake karantawa a intanet ba ƙarya suke ba, sai dai daga ɗaki mai iyakwandishan suke rubutu, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma data ba a auna ta da giga. A wurinsu kwamfuta mai ƙarfi ta fi PS kyan hoto da santsin motsi, in ta tsufa ka canza katin hoto ko ka ƙara ram ba sai ka yar da ita duka ba, shagon gem na intanet Steam na karya farashi lokaci-lokaci, shagon Epic na ba da gem kyauta duk mako, ba ka biyan kuɗin wata don yin wasa da mutane a intanet alhali a PS sai ka biya PlayStation Plus in ba irin gem ɗin kyauta ba ne kamar eFootball, kuma a gem ɗin harbi mai maus da kibod ya fi mai fad saiti nesa ba kusa ba. Duk wannan haka ne.

To mu dawo Mabera. PS5 in tana aiki tana jan wuta wajen wat 200, ka ƙara talabijin a kai, ƙaramin janareta ko 'yar sola mai inbata za su ɗauka. Kwamfutar tebur ta gem kuwa mai katin hoto na kirki tana iya jan ninki biyun haka ko fiye, ga fankoki huɗu biyar suna zuƙar iska, kuma iskar da za su zuƙa ita ce tamu, ta Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, da ta hunturu mai ƙura. Kwanaki na zauna wurin wani mai gidan gem a unguwarmu yana buɗe PS4 ɗinsa da ta fara ƙara kamar jirgi zai tashi, da ya ɗaga murfin wallahi abin da ke maƙale jikin fankar kamar an tankaɗe garin dawa an danna, ya sa tsohon buroshin haƙori yana kankarewa yana tari, ya ce duk ƙarshen hunturu sai ya yi wa dukkansu haka in ba haka ba kashe kansu suke ana tsakar wasa yara su ce a mayar musu da kuɗinsu. Wannan PS ce mai fanka ɗaya.

Ni kaina na taɓa cin wannan wuyar. Na sayi laftof na hannu wurin wani, ya rantse mini ba gem ɗin da ba ya ɗauka, a shagon kuwa ya yi ta gudu lafiya don da sanyin safiya ne, na kai gida zafi ya shigo, minti goma da fara wasa sai hoto ya riƙa tsinkewa kamar mai sanɗa, ƙasan ya yi zafin da za ka soya ƙwai, ƙarshe sai da na riƙa ɗora shi kan marfin kwalba huɗu ina juya masa fankar ɗaki ni ina zufa. Da na koma wurin mutumin cewa ya yi ai Malam garinku ne da zafi, kamar shi a Jos yake.

Sai data. Gem na zamani giga 50 ne, wani ya wuce 100, kuma a kwamfuta faifai ya mutu, komai saukewa ake. A PS mai cin faifai kana iya sayen na hannu, ka gama ka musanya da wani ko ka sayar, ko da yake shi ma sabuntawa na cin data. In za ku sayi PS5 ku lura akwai wadda ba ta da wurin sa faifai, ta fi araha amma a nan garin arahar ba ta ado.

Amma duk wannan ba shi ne babba ba. Me za ku buga, kuma da wa? In gaskiyar magana ita ce ƙwallo za ku yi, FC ɗin nan da har yanzu muke ce wa FIFA ko da yake tun 2023 aka canza suna, ko eFootball da muka sani da PES, a shimfiɗa tabarma abokai su zo, wanda aka ci ya miƙa fad ya koma gefe ana yi masa tsiya, to ƙanenka ya fi ka gaskiya, jona ka kunna ne ba wani saiti. Har ma zan ce kada ku raina PS4, tun 2013 ta fito amma har gobe ita ke riƙe da gidajen gem ɗin garin nan, masu gyaranta da kayanta sun fi samuwa, canjin ku sa a batir da inbata don ɗaukewar wuta bagatatan ana cikin wasa ita ke lalata ajiya. In kuwa kai a ranka akwai wani aiki, zane ko haɗa bidiyo ko lissafin shagonka, to laftof mai ɗan ƙarfi, kuma fad ɗin PS na aiki a kansa, in an ɗauke wuta batir ya riƙe ka ko da na ɗan lokaci ne. Kwamfutar tebur dai ban ba ku shawara ba sai in kuna da sola mai ƙarfi da ɗaki mai rufuwa.

TAMBAYA: Kawu ina da laftof mai kyau, na nemi gem ɗin NHL na EA a Steam ban gani ba, wani ya turo min wani wuri ya ce in sauke kyauta. In sauke?
Daga Gawon Nama

AMSA: Kada ka taɓa. Ba ka gani ba ne don babu shi, rabon da kamfanin EA ya fitar da wannan jerin a kwamfuta tun NHL 09 da ya fito a 2008, tun daga nan PS da Xbox kawai, kuma masu kwamfuta a can ƙasashen sun yi ƙorafin har sun gaji. Duk wanda ya ce ga sabo na kwamfuta kyauta to ƙwayar cuta zai ɗura maka, a kwashe maka lambobin sirri. Wannan kam masu PS sun ci ku ɗaya da nema. Ka nemi ɗalibin can na Runjin Sambo ku haɗa ƙarfi, ina zaton ku biyu ne kaɗai a garin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yarona ɗan shekara 13 ya sauke Alƙur'ani, kuma na yi mai alkawarin abin gem in ya sauke, yanzu ya tsare ni. Babanshi ya ce ɓata yaro ne. Ni kuma ban son in saɓa alkawari. Wane iri zan saya wanda ba ya lalata shi?
Daga wata uwa, Arkilla

AMSA: Hajiya Allah ya sanya albarka, ya sa ya yi aiki da shi. Alkawari kam a cika, yaron da ya ga an saɓa masa a kan sauka ba ya mantawa. Ga yaro kamarsa na fi son PS a kan kwamfuta, kuma dalilina ba na fasaha ba ne, PS a falo take jikin talabijin kowa na wucewa yana ganin abin da ke allo, laftof kuwa ɗaki ake shiga da shi a rufe ƙofa, ga intanet a buɗe. A cikin PS ɗin akwai wurin da iyaye ke ƙayyade awa nawa zai yi a rana da irin gem ɗin da zai buɗe, ki sa wanda ya sayar miki ya saita a gabanki, lambar sirrin kuma ta zauna wurinki ko wurin Alhaji, hakan ma zai sa shi ya sauko.

Ki riƙa duba bayan kwalin faifai da gabansa, na Turai akwai lamba 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, shekarun da ya dace ke nan. Na ƙwallo da suka fito har zuwa 2025 lamba 3 ce a jikinsu. GTA da yara ke so 18 ne kuma da dalili, kada ya ce miki ai tuƙin mota ne kawai. Abu na ƙarshe da iyaye ba su cika sani ba, cikin gem ɗin ƙwallon akwai inda ake sa kuɗi na gaske a sayi ƙunshin 'yan wasa ba ka san wa ke ciki ba sai ka buɗe, ko ka dace ko ka yi asara, ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin wannan caca ce har kamfanin EA mai gem ɗin ya daina sayarwa a can. Kada katin bankinki ya kusanci na'urar.

TAMBAYA: Kawu kai wace ƙungiya kake so a wancan ƙwallon na ƙanƙara?
Daga wani ɗan Arsenal, Tudun Wada

AMSA: Toronto Maple Leafs, kuma na san me ya sa ka tambaya. Rabonsu da kofi tun 1967, har aka gama kakar 2025 shiru, duk shekara magoya baya su ce bana tamu ce, a shiga zagayen kifuwa ɗaya kwale ta kife da su. Kanada ma gaba ɗaya da wasan nasu ne, da ƙungiya 7 cikin 32, Montreal ce ta ƙarshe da ta ɗauko musu a 1993. Ku da kuka yi shekara ashirin kuna jira daga 2004 har kuka ishe mu da kuka a gidan kallo, su jiransu ya girmi babanka.